Taɓaryar Da Na Ƙi Ɗauka

A shekarun da kuɗin mai ya fara zuba a ƙasar nan, lokacin da aka yi sallama da fam da sule aka rungumi naira, ni direban babbar mota ne a Gombe, ina zaune a Tudun Wada da matata da 'ya'yanmu biyu ƙanana. Malam Edita, in na ce direba, kada ka kawo direban yanzu a ranka. A wancan zamanin direban gingimari mutum ne. In na shigo tasha na kashe mota na diro, tawul a wuya, baƙin gilashi a ido, har masu tuwo-tuwo sai sun gyara ɗaurin ɗankwali. Ga ƙuruciya, ga ƙarfi, ga girman kai da ya fi motar nauyi. Kuma ni jinin Fulani ne, iyayena sun bar kiwo sun zauna a Kwadon, an raine ni a kan cewa namiji ba ya kuka, ba ya cewa yana jin yunwa, ba ya taɓa aikin mata. Ko tukunya na gani za ta kife a kan murhu, iyakata in ƙwala wa matata kira. Na ce bari in ba da labarin nan da bakina, don in na bari ita ta ba jikokinmu, gishirin da za ta zuba sai ya yi yawa.

Alhajin da nake ja wa mota yana ji da ni ƙwarai. Motar da ke hannuna tsohuwa ce tukuf, in ta kwana sai an tara majiya ƙarfi an tura ta kafin ta yarda ta tashi. To, ran nan Alhaji ya tara mu ya ce ya yi odar sabuwar gingimari fil, za ta iso farkon kakar auduga, kuma a gaban kowa ya nuna ni ya ce tawa ce. Wallahi daga ranar tafiyata ma ta canja. Duk wanda na haɗu da shi, ko bai tambaye ni ba, sai na ba shi labarin motar da ni kaina ban taɓa gani ba.

Saura wata huɗu ta iso, ranar kasuwar Kwadon, ana yi mini lodin buhunan albasa. Na ga masu lodi suna ɗaure kayan sakaka. Maimakon in yi musu magana daga ƙasa kamar kowane direba mai hankali, sai na lura masu fura da nono sun jeru a gindin bishiya suna kallo, sai na tuɓe riga na haye can ƙololuwar kaya wai in nuna musu yadda ake jan igiya. Na taka buhu, na ja da iya ƙarfina, igiya ta ce fat. Abin da na iya tunawa kawai shi ne na ga sama, na ga ƙasa, sai ga ni kwance a kan kafaɗar dama, albasa tana bina tana zubo mini a ka. Masu furar da na hau dominsu su ne suka fara salati, ɗaya ma har da ɓoye dariya a cikin mayafi.

A asibiti aka ɗauki hoto aka ce ƙashin dantsena ya tsage daf da kafaɗa. Aka naɗe mini hannu a ƙirji aka ce sati shida. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗin jinyar nan. Ina kishingiɗe a zaure, 'yan dubiya suna shiga suna fita, wannan ya kawo kaza, wancan ya kawo lemo, ni kuwa ina ba da labarin faɗuwar, kullum tsayin kayan yana ƙaruwa. Ranar da aka kwance ni na ɗauka an gama. Na ce wa hannu ya tashi, hannu ya ce bai san zancen ba. Daga gefen cinyata in ya matsa kamar taƙi biyu sai ya cije, wani zafi ya soke ni har cikin kunne. Likita ya duba ya ce ƙashi ya haɗe sarai, kafaɗar ce ta ƙage, ya rubuta 'yar takarda ya ce in kai ɗakin gashin ƙashi, can bayan asibitin.

Na shiga ɗakin ina neman kwalaben magani, ban ga ko ɗaya ba. Gado ɗaya, benci, tukunyar ruwan zafi a kan risho, da wata igiya a rataye a jikin ɗan ƙarfe mai juyawa. Mai ɗakin wata mata ce 'yar Tangale, Kirista, gajeruwa, ko kafaɗata ba ta kai ba, amma murya kamar ta sajan soja. Kowa Sista yake ce mata. Ta gasa mini kafaɗa da tawul mai zafi, na fara lumshe ido ina cewa ashe abin daɗi ne, sai ta kama gwiwar hannuna ta fara ɗagawa a hankali. Kai! Ba don kunya irin tamu ba, da mutanen kasuwa sun ji ihuna. Da ta gama sai ta yi mini bayani da yaren da zan gane, ta ce kafaɗata ta zama kamar notin taya da ya sha ruwa ya yi tsatsa, ba a kwance shi da ƙarfi rana ɗaya, kullum ake ɗan motsa shi har ya saki. Na ce na ji, to ina allurar? Ta ce babu. Na ce ƙwayoyin fa? Ta ce na rage zafi kawai, su ma ba su za su ɗaga mini hannu ba. A raina na ce lallai an raina mini hankali, mutum ya zo asibiti takanas a sallame shi ko tsinke ba a soka masa ba.

Sannan ta karanto mini abin da zan riƙa yi. In zo wurinta sau biyu a sati. A gida kuma, safe da yamma, in tsaya gaban bango in riƙa hawa da yatsuna sama kamar gizo-gizo. Bayan haka in samu ƙaramar taɓarya marar nauyi, in riƙe da hannu biyu, hagu yana taimakon dama, in yi daka sau hamsin. Ta ce ba ta da na'urar da za ta ba ni in tafi da ita gida, amma kowane gida a Gombe akwai turmi, kuma ɗagawa da saukewar nan ita ce daidai abin da kafaɗata take nema. Na ɗauka ban ji da kyau ba. Na tambaye ta ko ta san da wanda take magana. Ta ce ita da kafaɗa take magana, ba da direba ba. Ta ƙara da cewa gidanta yana bayan unguwarmu, kullum ƙarfe bakwai na safe takan wuce ta bayan katangarmu a kan kekenta, don haka za ta riƙa saurarar turmi.

Na dawo gida raina a ɓace. Ni, da taɓarya? A Tudun Wada, inda in ka yi atishawa a ɗakinka maƙwabci zai yi maka addu'a? Kafin azahar labari zai kai tasha cewa direban sabuwar mota ya zama mijin-ta-ce, matarsa ta sa shi daka. To amma ina tsoron Sista ta kai ƙarata wurin likita, magana ta je kunnen Alhaji. Sai shaiɗan ya kawo mini shawara, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu, ko da yake ɗaya ne mai aiki. Na kira matata na ce asibiti sun ba da doka, kullum ƙarfe bakwai daidai a yi daka sau hamsin a gidan nan, a kusa da katangar baya. Ta dube ni ta ce wa aka ce ya yi dakan? Na ce an ce dai a yi. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin ciwon da ke jikin miji, magani a hannun mata ba. Na haɗe rai na ce ba muhawara na kira ta mu yi ba. Ta ja turmi ta kai gindin katanga.

Haka muka shiga yi. Ƙarfe bakwai ina zaune a tabarma da kofin kunu a hannun hagu, ita tana daka, ni ina ƙirgawa. In an kai hamsin in ce ya isa, har da sauke numfashi kamar ni na yi. Hawan bango kuwa sau ɗaya na gwada, 'yata ƙarama ta tsaya tana tambayar uwarta ko Baba ƙadangare yake kamawa, daga nan na bar shi. A waje guda kuma na shiga neman abin da nake kira magani na gaskiya. Akwai wani mai kemis a bakin kasuwa da ba ya yi wa kowa musu, in ka ce allura zai ce juya. Kullum sai na je ya soka mini, yau dama gobe hagu, har ta kai ba na iya zama sai a karkace, mai ciwon kafaɗa ya koma tafiya kamar wanda aka yi wa kaciya da girma. Wanzami ya zo ya yi mini ƙaho, bayana ya cika da tabo. Innata ta aiko daga Kwadon da man shanu da aka haɗa da wasu saiwoyi, tare da saƙon kada in kuskura in bari wata mace ta mai da ni abin dariya. Na shafa man har ƙudaje suka san gidanmu. Hannu dai yana nan inda yake, sai ma ƙara ƙagewa da ya yi.

Zuwa wurin Sista kuwa, in na je yau sai in tsallake biyu, don zafin da nake sha a hannunta. Duk zuwan da na yi sai ta auna inda hannun ya kai a jikin bango, ta ja layi da alli, ta dube ni ta dubi layin, ta tambaye ni ko ina dakan. In ce ai ita ma shaida ce, tana ji da kunnenta. Sai ta gyaɗa kai kawai.

Abin da ya tona ni, matata ce ta fara jin daɗin abin. Tun da dole ne a yi daka da safe, sai ta mai da shi lokacin surfenta na gaske. Wata maƙwabciyarmu ta riƙa shigowa da tata taɓaryar suna lugude, wannan ta ɗaga wannan ta sauke. In abin ya yi musu daɗi sai matata ta cilla taɓarya sama ta tafa sau biyu ta cafe, kamar yadda 'yan mata suke yi. Ni kuwa dolo ina zaune ina kaɗa ƙafa, har ina ji a raina cewa yau kam Sista za ta san ana aiki a gidan nan.

Ranar da na koma asibiti bencin cike yake, akwai wani tsoho da ɓarin jikinsa ya shanye, da wani ɗan sanda mai karyayyar ƙafa, da mata biyu. Ina shiga Sista ta miƙe ta ce kowa ya taya ta murna, don tun da ta fara aiki ba ta taɓa ganin warkewa irin tawa ba. Ta ce ga mutumin da a ɗakinta ba ya iya taɓa kunnensa, amma a gida yana cilla taɓarya sama ya tafa sau biyu ya cafe. Ta ce abin da ya fi ba ta mamaki ma, ni kaɗai nake lugude da taɓarya biyu. Sannan ta kama tafin hannuna ta juya ta nuna musu, sumul, ko alamar kantar daka babu. Ɗan sandan nan ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Tsohon da ko magana ba ya iya yi sosai, shi ma kafaɗarsa mai lafiya sai rawa take. Na fizge hannuna na fita ina rantsuwar ba zan sake taka ɗakin ba. Ta biyo ni har bakin ƙofa, wannan karon ba wasa a muryarta, ta ce in yi fushi da ita yadda nake so, amma kafaɗa ba ta jiran kowa, duk satin da na bari ya wuce sai na biya shi da zafi ninki. Ko waiwaye ban yi ba.

Na lallashi kaina da wani lissafi. Tsohuwar motata sitiyarinta a dama yake, da hannun hagu nake sa giya, na dama ɗora shi kawai nake a kan sitiyari in ya so hagu ya taimaka. Na ce ai ko da hannu ɗaya da rabi zan ja mota, wa zai sani?

Ranar da motar ta iso, tasha ta cika maƙil, har da masu kalangu. Ga ta nan tana sheƙi, kujerunta ko ledar ba a cire ba. Alhaji ya miƙo mini makulli a gaban jama'a, maroƙa suna ta zuba mini kirari. Na nufi ƙofar dama da taƙama, na buɗe, na ɗaga kai, babu sitiyari. Mutane suka kwashe da dariya, sun ɗauka raha nake. Ni kuwa a nan na tuna. Tun da ƙasa ta koma tuƙi a hannun dama, sababbin motoci da sitiyari a hagu suke zuwa. Na san haka sarai, kullum ina ganinsu a hanya, amma ban taɓa haɗa wannan da kafaɗata ba. Giya tana dama, wurin hannun da ya mutu.

Na zagaya na hau da ƙyar, na tayar da ita, injin ya ɗauka da wata murya mai daɗi da har yau ina jinta. Na taka kuloci na miƙa hannun dama, ya tsaya a hanya, tsakaninsa da giya kamar taƙi ɗaya. Na cije na ƙara turawa, idona ya kawo ruwa, bai kai ba. Jama'a suna jira, kalangu yana tashi. Sai na saki sitiyari na tsallako da hannun hagu ta kan cikina na danna giyar inda na ga dama. Na saki kuloci, mota ta yi wani tsalle da baya, ta bi ta kan teburin mai shayi. Allah ya kiyaye ba kowa a wurin, amma kofuna da burodi da gwangwanayen madara duk suka zama labari, mai shayin kuma ya tsere har ya bar takalminsa. Kalangu ya ɗauke ɗif. Na kashe mota na sauko. Alhaji bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Tafin hannu kawai ya buɗe, na ɗora masa makullin. Ya ce auduga ba za ta jira ba, in je in nemi lafiya, tsohuwar motar tana nan in na warke. A gabana ya miƙa makullin ga wani direba da ni na koya masa riƙon sitiyari.

Na dawo gida na shige ɗaki, kuma duk da tarbiyyar da aka yi mini, na yi kuka. Matata ta riga ta ji labari, don a unguwarmu labari ya fi mutum sauri. Na jira ta ce ai ta faɗa, ba ta ce ba. Da la'asar ta tura yara maƙwabta, ta sa wa ƙofar zaure sakata, ta zuba ɗan gero a turmi, ta jingina ƙaramar taɓaryar da take daka yaji da ita a bakin ƙofar ɗakina, ta shige madafa ta ba ni baya. Na daɗe ina kallon taɓaryar nan kafin na tashi na ɗauka. Sau bakwai na iya, gumi ya jiƙa ni sharkaf. Washegari ƙarfe bakwai na sake, na kai goma sha biyu, sai na ji ƙararrawar keke a bayan katanga.

Na koma asibiti na ba Sista haƙuri, kaina a ƙasa. Ta ce ta ji dakan, kuma ta tabbata ni ne, don duk faɗin Gombe babu macen da za ta yi daka mai muni haka. Ta gaya mini gaskiya ba ɓoye-ɓoye, ta ce da na bi tun farko da yanzu ina kan hanya da sabuwar motata, amma yanzu za mu daɗe, kuma ba ta yi mini alkawarin hannun zai dawo duka ba. Muka shiga aiki, gashi, ja, igiya, bango, turmi. Ana cikin haka wata safiya Innata ta yi mana dirar ba-zata daga Kwadon, ta same ni tsakar gida daga ni sai zane a ƙugu ina daka. Ta tsaya da ƙullin kayanta a ka ta yi salati ta sanar da Ubangiji. Na ce yau na shiga uku. Sai ta sauke kayan ta ce in dai na rantse sai na kunyata zuri'a, to aƙalla in riƙe taɓaryar daga tsakiya, in daina dukan gefen turmin mutane.

Sai da na kusa shekara kafin na koma tuƙi. Hannun ya dawo har ya kai ga giya, ya ci gaba da ciyar da iyalina shekaru masu yawa, na gode wa Allah, na kuma gode wa baiwar Allahn nan da ban sake jin labarinta ba tun da aka yi mata canjin wurin aiki. Amma sabuwar motar ba ta dawo hannuna ba. Nakan haɗu da ita a hanya, direbanta ya danna mini ham don girmamawa, ni kuma in ɗaga masa hannun hagu daga cikin akwalata.

Abin da na koya shi ne, ba faɗuwar ce ta cuce ni ba, faɗuwa ƙaddara ce, kuma ƙashin ya warke cikin sati shida. Kunyar banza ce ta cuce ni, da ganin cewa duk abin da ba a soka wa mutum ko a ba shi ya haɗiya ba, ba magani ba ne. Mutanen da na ji tsoron dariyarsu sun yi dariyar, sun gama, sun mance, da yawansu ma sun riga mu gidan gaskiya. Ni aka bari da kafaɗar. Har yau hannuna na dama ba ya wuce kunnena. Duk Juma'a in na sa babbar riga, sai na tsaya a bakin ƙofa kamar yaro, matata, tsohuwar nan, ta miƙe ta naɗe mini hannun rigar ta ɗora a kafaɗa, kuma ba ta taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya. Bana ita ma hannunta ya fara rawa, sai ta yi sau biyu kafin rigar ta zauna.

Don haka ina kira ga duk wanda ya karye, ko ya gurɗe, ko aka yi masa aiki, musamman 'yan'uwana maza masu taurin kai irin nawa. In masu gashin ƙashi suka ce ka motsa, ka motsa. In sun ce ka hau bango da yatsu, ka hau, ko da duk unguwa ta leƙo ta katanga. Ana iya aiken mutum kasuwa, ana iya wakilta shi wurin ɗaurin aure, amma wannan aikin babu mai yi maka shi. Na gwada, matata ta yi mini wata biyu cur, kuma ita ce damatsanta suka yi ƙarfi.